Sanarwar Bayan Taron 'Yan Haya Kan Ƙwari da Gyaran da Aka Yi Watsi da Shi a Gidajen Haya

Ƙungiyarmu ta mazauna gidajen haya a Gama, Tudun Murtala, Gwagwarwa da Kaura Goje, cikin ƙaramar hukumar Nasarawa a jihar Kano, ta yi zama na musamman ranar Lahadi bayan sallar La'asar a harabar wata makarantar firamare. Kowane gida ya turo wakilinsa, mata kuma sun fi maza yawa, domin su ne ke wuni a gidajen. An gayyaci masu gidaje da dillalai. Kaɗan ne suka zo, kuma muna yaba musu, don ba kowa ke iya zama a gaban masu ƙorafi a kansa ya saurara har ƙarshe ba. Wakilin mai unguwa ya halarta, haka ma wani duba-gari mai ritaya, da ma'aikaciyar jinya da ke haya a cikinmu, da birkila da kafinta.

Batu ɗaya aka tattauna: ɓeraye, kuɗin cizo, kyankyasai, sauro da gara da suka addabi gidajen da iyalai da yawa ke zaune ɗaki-ɗaki, suna tarayya a tsakar gida ɗaya, madafi ɗaya da banɗaki ɗaya.

Abin da taro ya fahimta

Da aka bi koke-koken gida-gida, sai aka ga kusan kowane ƙwaro yana da gyaran da ya jawo shi. Ɓera ta ramin gindin bango yake shiga, ko ta ƙasan ƙofar da ta ruɓe, ko ta silin da ya ɓurma. Kyankyaso daga masan da murfinsa ya fashe yake fitowa. Sauro yana ƙyanƙyasa a kwatar da ta toshe, kuma mako ɗaya zuwa kwana goma na kwanciyar ruwa ya ishe shi ya tashi. Gara tana bin katakon da yoyon kwano ya jiƙa shekara da shekaru. Magabata sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a gidajenmu kuwa maganar a zahiri take. Don haka taro ya tsaya a kan cewa feshin magani ba tare da gyara ba asarar kuɗi ce, kuma maganin ɗaki ɗaya a gidan mutum goma kora ce kawai zuwa ɗakin maƙwabci.

An daɗe a kan kuɗin cizo, domin shi ya fi haddasa gaba tsakanin matan gida. Mutane da dama na ɗaukarsa alamar ƙazanta, shi ya sa wadda ya shiga ɗakinta take ɓoyewa, ta yi ta fama ita kaɗai cikin dare, har sai ya bi tsagar bango da wayar lantarki ya cika gidan. Duba-gari ya bayyana cewa jini ne abincinsa, bai damu da tsaftar ɗaki ko rashinta ba. Yana zuwa a cikin tsohuwar katifa, ko kujerar gwanjo, ko jakar matafiyi. Yana iya yin watanni bai ci komai ba, don haka rufe ɗaki a tafi ƙauye ba ya kashe shi, kuma ɗakin da aka ce an daɗe ba kowa a ciki na iya tarbar sabon ɗan haya da shi. Ƙwansa kan tsira daga feshi ya ƙyanƙyashe cikin kamar kwana 10, abin da ya sa ake ganin ya dawo bayan an zaci an rabu da shi. Ba a san shi da yaɗa cuta ba, amma yaron da ya kwana susa ba ya gane karatu da safe, uwarsa kuma ba ta runtsa ba. Taro ya roƙi mata da maza su daina yi wa juna gori da shi. Wadda ta faɗa da wuri ta yi wa gida alheri.

Ɓera kuwa ya wuce ɓarnar hatsi. Ma'aikaciyar jinya ta tunatar da mu zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a shekarar 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ke ɗauke da ƙwayar cutar, mutum kuma yana kamuwa ta abinci ko kwanon da fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa. An fi samun cutar a rani, daga Disamba zuwa Afrilu, musamman a jihohin Ondo, Edo, Bauchi da Taraba, Bauchi kuwa ba ta da nisa da mu. Alamu na iya ɗaukar har kwana 21 kafin su bayyana, da farko kuma kamar zazzaɓin cizon sauro suke, wasu da suka warke kuma kan rasa jinsu. Ba kowane ɓera ke ɗauke da ita ba, sai dai ba mai iya tantance wanda ya bi ta kan garin tuwonsa cikin dare. Ga kuma cin wayar lantarki a cikin silin, wanda kan jawo gobara a lokacin hunturu.

Game da masai, taro ya nuna damuwa a kan gidajen da shadda ke kusa da rijiya, alhali ma'aikatan lafiya na son a bar tazarar mita 30 tsakaninsu. Yawancin filayenmu ba su kai haka ba. Ba mu manta da amai da gudawa na shekarar 2021 ba, lokacin da aka ƙidaya sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, Kano kuma na cikin jihohin da abin ya fi shafa.

Gubar da muke shigarwa ɗakin kwana

Nan ne hankalin taro ya fi tashi. Da gyara ya gagara, sai ɗan haya ya koma wurin mai talla ya sayo ota-piya-piya a kwalbar da ba ta da suna, ko Sniper, ya fesa a katifar da jariri zai kwanta. Sinadarin da ke ciki na gona ne, kuma tun shekarar 2019 hukumar NAFDAC ta hana tallarsa da sayar da shi barkatai a kasuwanni. Abin da ya fi wannan muni shi ne ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake da masara don kashe ƙwari. Wasu na ajiye ta a ƙarƙashin gado saboda kuɗin cizo ko ɓera. Da ta sha danshi sai ta saki iska mai kisa, iskar kuma ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. A gidan da bangon tsakiya bai kai rufi ba, wanda ya ajiye ta ya kulle ɗakinsa ya tafi aiki, 'ya'yan maƙwabcinsa ne za su shaƙa. Shinkafar ɓera ma haka: ana barbaɗa ta a bayan ƙofa, inda mai rarrafe da kaji suke kaiwa. Muna faɗa da babbar murya cewa rayuwar yaro ɗaya ta fi duk barcin da muke nema.

Dalilin da gyara ke kwanciya

An ba masu gidaje dama sun yi magana, kuma akwai gaskiya a bakinsu. Siminti da kwano da katako sun yi tsada. Wasu gidajen na gado ne, magada da yawa, kowa na jiran kasonsa ba mai son a taɓa kuɗin. Wasu na gwauraye ne da tsofaffi waɗanda hayar ce abincinsu. Sun kuma koka cewa 'yan haya na zuba leda da ƙunzugun yara a masai, suna toshe kwata da ragowar tuwo, suna tara shara a lungu. Taro ya amsa wannan laifin ba tare da musu ba.

Amma akwai ɗaya gefen. Ɗan haya na biyan kuɗin shekara cif tun kafin ya shiga, da la'adar dillali a kai. Daga ranar da aka karɓi kuɗin, sau da yawa ba a sake ganin kowa sai wa'adi ya kusa. Ka kira dillali ya ce zai gaya wa mai gida, ka sami mai gida ya ce ka koma wurin dillali, ka matsa a ce in ba za ka iya ba ka tashi, akwai masu jira. Abin da mutum ya biya shi ne amfanin ɗaki, ɗakin da ruwa ke zuba a kan gado kuwa amfaninsa ya ragu. Kuma kwano ɗaya da aka ƙi sauyawa bana shi ne katakon rufi da silin da bangon da za a sauya baɗi. Gidan dai na mai gida ne, shi zai ɗauki asarar bayan mun tashi.

Matsayar da aka cimma

Na ɗaya. Gyaran jikin gini na mai gida ne: rufi, silin, bango, daɓe, ƙofa, taga, murfin masai da bututun iskarsa, sokawe, bakin rijiya da wayoyin lantarki. Shara, wankin banɗaki, yashe kwata, kwashe masai idan ya cika, da duk abin da ɗan haya ya lalata da hannunsa, na 'yan haya ne. Ƙungiya za ta buga wannan rabo a takarda ɗaya da Hausa, a riƙa sa mata hannu tare da rasidin haya.

Na biyu. Kowane gida ya zaɓi mutum biyu, namiji da mace, su zagaya ɗaki-ɗaki cikin mako biyu su rubuta abin da ya lalace, su ɗauki hoto da waya. A kai wa mai gida takardar hannu da hannu cikin ladabi, a gaban shaida, a ba dillali kwafi. Abin da ke barazana ga rai, kamar bangon da ya karkata, murfin masan da ya tsage ko wayar da ta fito fili, muna neman a gyara shi cikin kwana 7. Sauran a kammala kafin ruwan farko, domin a Kano Agusta ne ruwa ya fi ƙarfi, kuma ginin da ya shiga damina da yoyo a nan yake faɗuwa.

Na uku. Kada wani ɗan ƙungiya ya riƙe kuɗin haya da ra'ayin kansa. Yin haka na mai da mai gaskiya mai laifi a gaban alƙali. Inda mai gida ba shi da hali, 'yan haya su haɗa kuɗi su yi gyaran bisa yarjejeniya a rubuce cewa za a cire daga hayar shekara mai zuwa, a ajiye rasidin kaya da na leburanci. Masu gidajen da suka halarta sun amince da wannan tsari nan take. Lokacin da ya fi dacewa a ɗaure maganar shi ne kafin a sabunta haya, kuɗi na hannun mai biya.

Na huɗu. Yaƙi da ƙwari na gida ne gaba ɗaya, a rana ɗaya. A fitar da katifu da tabarmi a shanya su a rana mai zafi, a juya su, a wanke zannuwan gado da tafasasshen ruwa, a zuba shi a gaɓoɓin gadon katako, a liƙe tsagar bango da siminti. A maimaita bayan mako biyu saboda ƙwan da ya ƙyanƙyashe. Idan feshi ya zama dole, a kira wanda ya san aikin, ya zo da magani mai rajistar NAFDAC wanda aka yi don cikin gida, a fitar da yara da masu ciki da masu asma da abinci, kada kuma a koma sai ɗaki ya sha iska. Katifar da ta gagara a yayyanka ta kafin a zubar, don kada wani ya tsinta ya kai gidansa.

Na biyar. An haramta ota-piya-piya da ƙwayar buhun hatsi a duk gidan da ke cikin ƙungiya. Wanda aka samu da su za a ja masa kunne sau ɗaya, na biyu a kai maganarsa ga mai unguwa.

Na shida. A yaƙi ɓera da tarko da toshe rami, a ajiye hatsi da gari a mazubi mai murfi, a daina kwana da kwanukan da ba a wanke ba a tsakar gida. Mushen ɓera kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke da leda ko shebur a binne. Duk wanda zazzaɓi ya ƙi sauka a jikinsa bayan ya sha maganin cizon sauro, a kai shi asibiti, a daina zagayen kemis.

Na bakwai. Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ta zama ranar yashe kwata da lambatun ƙofar gida. Kowane ɗaki ya fito da mutum, har da samarin da ke fita da asuba su dawo da dare. Ba daidai ba ne aikin ya riƙa ƙarewa a kan matan aure kaɗai.

Kira

Muna roƙon masu unguwanni da dagatai su karɓi sulhu tsakanin 'yan haya da masu gidaje idan takarda ta wuce wa'adinta ba amsa, kafin magana ta kai kotu. Muna kira ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya riƙa turo duba-gari gidajen haya, ya duba gini da masai kamar yadda yake duba shara, domin abin da ya gani ya rubuta ya fi kukanmu nauyi a wurin mai gida. Muna kuma roƙon hukumar kwashe shara ta REMASAB ta sa lungunanmu cikin zagayenta, tunda bolar da ta kwana biyu a bakin layi ita ke ciyar da ɓerayen gidaje da yawa. Limamai da fastoci su taimaka da tunatarwa a kan haƙƙin maƙwabci da haƙƙin wanda aka karɓi kuɗinsa.

Dillalai kuwa, roƙonmu gare su shi ne kada su shigar da sabon ɗan haya ɗakin da suka san yana da kuɗin cizo ko yoyo ba tare da sun faɗa masa ba.

Wakilan gidaje za su miƙa wa sakatare kwafin takardunsu da hotuna kafin ƙarshen wata. Za a sake zama Lahadin farko ta wata mai kamawa a wuri guda, bayan La'asar, don jin gidajen da aka fara gyara da waɗanda za a kai gaban mai unguwa.

Sa hannu:
Shugaba
Sakatare
Wakiliyar mata
A madadin 'yan ƙungiya