Katakon Jagora a Teburin Rauta: Fa'idodi da Illoli

Da an kwashe gero da dawa a Mawashi da sauran garuruwan Kusada da Kankia, sai bukukuwan aure su kankama, aiki ya yi wa kafintoci yawa: gado, wadrof, teburin madubi, kowanne da zanen gefen da ake yayi. Injin rauta ne ke fitar da wannan zanen. Wasu kafintocin kan kifa injin a ƙarƙashin tebur, haƙorinsa ya leƙo sama, sannan su ƙera katakon jagora da kansu, wanda zai riƙe aikin ya bi da shi ta layi guda. Akwai na kamfani, amma daga waje ake shigo da shi, farashinsa kuwa dala yake bi.

Araha ce fa'idar farko, tunda guntun filawud da gam da 'yan sukurori sun isa. Sai dai babbar ribar tana wajen maimaici. Wadrof mai ƙofa shida in aka yi ta da ido da hannu kawai, da wuya ƙofofin su fito iri ɗaya, kuma idon uwar amarya ba ya tsallake irin wannan. Idan akwai samfuri guda da aka goge sumul, haƙori mai 'yar taya a kansa zai riƙa bin gefen samfurin, kowace ƙofa ta fito daidai da 'yar uwarta, ko da yaron shago ne ya tura. Aiki yana sauri, katako ba ya asara. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, rage lokacin da janareta ke kunne ma riba ce. Jagora mai mariƙi kuma yana nesanta yatsu daga haƙorin da ke juyawa sau 20,000 ko fiye a minti ɗaya.

To, amma kuskure ma maimaita kansa yake yi. Samfurin da ya karkace zai karkatar da duk abin da aka ɗora masa. Katakon da ake kawowa daga Kudu sau da yawa da sauran danshinsa, hunturu na shigowa ya murɗe, shi ya sa filawud mai kauri ya fi dacewa da jagora. Sukurun da aka ɗaura kusa da hanyar haƙori yana iya fasa shi, ɓarɓashin ƙarfe ya tashi. Wanda ya tura katako daga hagu zuwa dama, ko ya cusa shi tsakanin haƙori da shingen tebur, injin zai fizge katakon, hannu ya bi baya. Ga ƙura, musamman ta katakon MDF. Tun 1995 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da ke haddasa cutar.

Ni dai abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makunni. Da zarar an kifa injin, makunninsa ya koma ƙarƙashin tebur, sai a bar shi a kunne a riƙa zare filogi. Wuta ta ɗauke, maigida ya sa yaro ya sauya haƙori, kamfanin lantarki na KEDCO ya dawo da wuta ba sallama. Irin wannan raunin yakan kai mutum har Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, kuma ba kowane yatsa ake iya cetowa ba. Akwai makunnin da ke kashe kansa in wuta ta ɗauke, ba ya tashi sai an sake danna shi. A gefen tebur ake kafa shi, inda hannu ko gwiwa za ta kai da sauri, kuma mai gyaran wuta zai iya haɗa shi.