Me Zai Hana Mu Yi Namu Taron A Mafara?

Yau ba siyasa na kawo ba, ku ɗan yi haƙuri ku karanta har ƙarshe.

Tun 2017 masu binciken ƙirƙirarriyar basira na Afirka ke da taronsu na shekara mai suna Deep Learning Indaba. An fara shi a Johannesburg, ya je Nairobi a 2019, Tunis a 2022, Accra a 2023, Dakar a 2024. A nan ne malamai da ɗalibai ke baje binciken yadda za a koya wa kwamfuta gane magana, hoto da rubutu. 'Yan Arewa ma ba a bar su a baya ba. Masana irin su Dakta Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan aikinsa na HausaNLP sun yi aikin NaijaSenti a 2022, inda suka tattara rubuce-rubucen Twitter na Hausa, Yarbanci, Ibo da Fijin domin na'ura ta iya bambance yabo da suka.

Ra'ayina shi ne, ya kamata Zamfara ta samu nata ƙaramin taron duk shekara, kuma a Talata Mafara.

Ga dalilina. Na'ura abin da aka ciyar da ita shi take amayarwa. Yawancin Hausar da ke intanet Hausar jarida ce da ta Kano. Manomin Bakura da zai ce "mi ka faruwa ga shinkafata?" ba rubutawa zai yi ba, faɗa zai yi da baki, da harshen gidansu. In ba a naɗi muryarsa an koya wa na'urar ba, to wallahi ba da shi aka yi ta ba.

Kuma mu mun san illar fasahar da aka kawo ba a tambaye mu ba. Madatsar Bakolori da ke ƙasar Maradun, kamfanin Impresit na Italiya ya gina ta, aka gama a 1978. Aiki ne babba, amma ba a saurari masu gonaki kan diyya da rabon ƙasa ba. A Afrilun 1980 abin ya ƙare da jinin manoma. Ba a yi wa mutum aski ba ya nan, balle a tsara masa rayuwa.

Na san wani zai ce, "Malam, mutane ba su iya zuwa gona don tsoron 'yan bindiga, kai kana zancen kwamfuta?" Gaskiya ne, tsaro na gaba da komai. Mun ga 2021 lokacin da aka rufe layukan waya a jihar nan, komai ya tsaya cik. Amma in muka ce sai komai ya daidaita, yaranmu za su tarar an gama rabo.

Ba wani abu mai tsada nake nufi ba. Muna da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha a Mafara, ga Kwalejin Aikin Gona a Bakura. Kwana uku sun isa. A gayyato masana daga BUK, ABU da Jami'ar Ɗanfodiyo, a zaunar da su da malaman gona da shugabannin manoma. A ɗauki matsala ɗaya tak: misali, manomi ya ɗauki hoton ganyen shinkafa da wayarsa, a gaya masa cutar da murya, da Hausarsa. Baɗi a dawo a faɗi inda aka kwana.

Sai dai a matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san yadda taruka ke ƙarewa: otal, jaka, alawus, hoto, sai takardar bayan taro ta kwanta cikin durowa. In irin wannan za a yi, gara a bari.

Malaman makarantun nan da ke cikin abokaina, ku ne da magana. Wa zai fara rubuta takardar?

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, amin.