Ruwan Alau ya janye, amma me ya bar mana a rijiyoyi?



Babu mutumin Maiduguri da zai manta da daren Talata 10 ga Satumba 2024, ranar da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo gari mutane suna barci. Gwange, Fori, Galtimari, Gamboru, Shehuri, Bulabulin, Kasuwar Monday, fadar Shehun Borno da Asibitin Koyarwa, duk ruwan ya shiga. Hukumomi sun ce mutum sama da 400,000 ne suka bar gidajensu. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.

Tun daga lokacin an yi aiki, kuma muna godiya. An raba tallafi, an kwashe taɓo, jama’a sun gyara katangu sun koma gida. A watan Fabrairun 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina madatsar, aka ƙaddamar da aikin a watan Maris. Sai dai akwai wani aiki da ba a cika zancensa ba, saboda ba ya fitowa a hoto, shi ne bincikar ƙasar da ruwan ya kwanta a kanta, da ruwan da ke ƙarƙashinta wanda muke sha kullum. Ra’ayinmu a wannan ƙungiya shi ne, gyaran Maiduguri bai kammala ba har sai an auna ruwan rijiyoyi da bohol-bohol na unguwannin da ambaliya ta shafa, an gaya wa kowace unguwa sakamakonta, an kuma gyara inda ya ɓaci.

Mu tuna abin da ruwan nan ya ɗebo. Ya bi ta masai da sokawe, ya bi ta bola da kwata da maƙabarta. Ya shiga gidan zoo na Sanda Kyarimi inda dabbobi da dama suka mutu. Ya shiga garejin kanikawa inda baƙin mai da tsofaffin batura ke jibge, ya shiga gidajen mai da shagunan taki da maganin feshi. Duk wannan ya gauraya, ya kwana kwanaki a tsakar gidajenmu, wani ya kwarara ta bakin rijiyoyi, wani ya nitse cikin yashi. Ba a yi wata guda ba, a farkon Oktoba, gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Wannan ita ce cutar da ke saurin bayyana. Akwai wadda ba ta gaggawa.

Masana ƙasa sun daɗe da bayyana cewa ruwan ƙarƙashin Maiduguri hawa uku ne. Na sama bai cika wuce zurfin mita 100 ba, kuma shi ne rijiyoyinmu da ƙananan bohol na gidaje ke tsotsa. Na tsakiya sai an haƙa wajen mita 300. Na ƙasa sai an wuce mita 500. Tsakaninsu akwai yumɓu mai kauri da ke tsare na ƙasa daga ƙazantar sama. Talaka dai na sama yake sha, domin shi ne aljihunsa zai iya kaiwa, kuma da yawa daga ’yan moya da ke kawo mana jarkoki a kura daga irin wannan bohol suke ɗiba. Shi kansa mai zurfin ba shi da tabbas idan ba a liƙe gefen bututunsa da siminti yadda ya kamata ba, domin ruwan datti na iya bin jikin bututun ya gangara. Haka tsohuwar rijiyar da aka daina amfani da ita aka mayar bola, ƙofa ce a buɗe zuwa ruwan da maƙwabta ke sha.

Wani zai ce, ai ruwanmu garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Nan gizo ke saƙar. Ido ba ya ganin ƙwayar cuta, harshe ba ya jin dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a samu ko ƙwaya ɗaya ta irin ƙwayoyin cutar da ke fitowa daga bayan gida ba a cikin mililita 100 na ruwan sha. Ta ce sinadarin naitiret, wanda ke tsatsowa daga masai da takin zamani, kada ya wuce miligiram 50 a lita ɗaya, domin yana rage wa jinin jariri ƙarfin ɗaukar iska, musamman wanda ake dama wa madara da ruwan. Dalma kuwa kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, saboda tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Tafasa ruwa da zuba kulorin suna kashe ƙwayoyin cuta, don haka kada a daina. Amma ba sa cire dalma ko naitiret. Idan ma aka daɗe ana tafasawa, ruwan ne ke raguwa, sinadarin ya ƙara kauri. Alif kuma aikinsa kwantar da laka. Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiya, a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji.

Wannan aiki yana da masu shi, wato injiniyoyin muhalli da masanan ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma yana da tsari. Da farko sukan zauna da mutanen wuri su tambayi tarihinsa: ina tsohuwar bola take, ina aka taɓa yin gareji, ina tankin mai yake a binne, har ina ruwa ya kai. Daga nan su ɗebi samfurin ƙasa da na ruwa, inda ya kama su haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, su auna da damina su sake aunawa da rani, domin ruwan ƙasa yana hawa yana sauka. Sai su duba abu uku: daga ina gubar take, ta wace hanya take tafiya, wa take samu. Bayan haka ne ake yanke magani. Wata rijiyar yasa da kulorin mai ƙarfi sun ishe ta. Wata sai an ɗaga bakinta an yi mata daɓen siminti. Wata sai an cike ta an rufe. Wani filin sai an kwashe ƙasar sama an zuba sabuwa. A ƙarshe a sake aunawa, don a tabbatar aikin ya ci.

Ba sai mun je Turai neman misali ba. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, inda ake daka duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fito fili ta ce ba amfanin ba yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba. Sai aka kawo kamfanin injiniyoyin muhalli na TerraGraphics daga Amurka, suka yi aiki da ma’aikatan jihar da samarin ƙauyukan. Suna bi gida-gida da na’urar hannu mai auna dalma a cikin ƙasa, ana kankare ƙasar sama da fartanya, a zuba a buhu a kai ramin da aka tanada, a shimfiɗa mai tsabta, a sake aunawa. Haka aka yi a Dareta da ’Yargalma da Abare. Garin Bagega kuwa sai da ya jira har 2013 kafin kuɗin aikinsa su fito, bayan matasa sun yi ta matsa lamba, yara kuma suna nan suna wasa a cikin ƙurar. Darasi biyu ke nan: aikin yana yiwuwa da hannun mutanen gari, kuma jinkiri kan yara yake faɗawa.

Misali na biyu ƙasar Ogoni ce a jihar Ribas. A watan Agustan 2011 hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoton da ya nuna cewa a Nisisioken Ogale mutane na shan ruwan rijiya mai sinadarin benzin, wanda ke haddasa ciwon daji, ninki 900 na abin da aka amince da shi. Rahoton ya ce tsabtace yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30, kuma za a fara da dala biliyan ɗaya. Ba muna cewa Maiduguri ta kai nan ba. Muna cewa idan guba ta riga ta shiga ruwan ƙasa, fitar da ita aikin shekaru ne da maƙudan kuɗi, alhali gano ta da wuri aikin ’yan watanni ne. Rigakafi ya fi magani.

Mun san masu cewa gwamnati tana da nauyi da yawa, ga tsaro, ga ’yan gudun hijira, ga gadoji. Gaskiya ne. Amma kuɗin auna ruwan unguwanni ɗan kaɗan ne idan aka ajiye shi kusa da biliyan 80, kuma ba sai an jira baƙi ba. Jami’ar Maiduguri tana da masana ƙasa da na kimiyyar sinadarai. Hukumar Raya Tafkin Chadi tana nan cikin gari. Ga BOSEPA, ga Ma’aikatar Ruwa, ga RUWASSA. Akwai kuma masu cewa in an faɗi sakamako hankalin jama’a zai tashi, masu sayar da ruwa su yi asara. Mu a ganinmu hankali ya fi tashi ranar da yara suka fara amai da gudawa ba wanda ya san daga wace rijiya ce. Mai bohol na kirki ma riba zai ci, domin takardar gwaji a jikin tankinsa talla ce.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Na ɗaya, gwamnatin jiha ta sa a yi cikakken binciken ƙasa da ruwa a unguwannin Maiduguri da Jere da ruwa ya kwanta, da damina da rani. Na biyu, duk wanda za a ba wannan aiki, kamfani ne ko jami’a, a sa masa sharaɗi a rubuce cewa zai nuna wurin da ya ɗebi kowane samfuri, da ranar, da ɗakin gwajin da ya auna, kuma bulama ko wakilin unguwa ya kasance a wurin ɗiba. Ba ma son rahoton da aka rubuta a ɗakin otal. Na uku, a fassara sakamakon da Kanuri da Hausa, a liƙa a ƙofar lawani da bulama, a karanta a rediyo. Na huɗu, kada a rufe wa unguwa rijiya sai an nuna mata inda za ta sha, in ba haka ba mutane za su koma mata da dare. Na biyar, a dinga auna ruwan masu bohol na haya aƙalla sau biyu a shekara.

Mu ma akwai namu. Ƙa’idar da masu aikin tsabta ke bi ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A filayenmu na cikin gari wannan da wuya, shi ya sa ya kamata maƙwabta su yi shawara kafin kowa ya haƙa, domin masanka na iya zama a jikin rijiyar na bayanka. Mu ɗaga bakin rijiyoyinmu, mu yi musu murfi da daɓe. Kanikawa su tara baƙin mai a duro, a daina zubarwa a kwalbati. Masu fasa tsofaffin batura su nisanci gidaje da wurin wasan yara. Tsohuwar rijiya a cike ta da ƙasa mai tsabta, ba da shara ba. Unguwar da za ta iya, ta haɗa kuɗi ta kai ruwan bohol ɗin da aka fi sha a auna mata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu mata, ruwan da za a ba jariri a nemo shi daga inda aka tabbatar, a kuma tafasa.

An kammala madatsar Alau a 1986. Ruwanta ya ci garin nan a 1994, ya sake ci a 2024. Shekara 30 ke tsakani, kuma a cikinsu Maiduguri ta cika ta batse, masai da bohol sun ninka, sun matsu da juna. Idan an gama sabuwar madatsa za ta tsare mu daga ruwan da ke zuwa ta sama. Na ƙarƙashin ƙafarmu kuwa sai an auna shi za a san halin da yake ciki.

Muna roƙon kowa ya kai wannan magana ga bulamansa da kansilansa da limamin unguwarsa. Wanda yake da masaniya kan gwajin ruwa, ko ya taɓa kai na gidansa, ya zo taronmu na gaba ya yi wa jama’a bayani. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya tsare mana ’ya’yanmu, Ya kiyaye Borno da Najeriya baki ɗaya. Amin.