Zancen Wata: Yaro da Baƙo

Hatsi ya shiga rumbu, kasuwanni sun cika, motoci da babura suna shiga ƙauyukan da ba su iya zuwa da damina. Lokacin baƙi ke nan.

Kwanan baya, a wata kasuwar ƙauye cikin ƙasar Tasawa, na tarar da mutane sun kewaye wata yarinya tana kuka. Ba ta fi shekara 5 ba. Aka ce mata: "Wane ne ubanki?" Ta ce: "Baba." Aka ce: "Ina garinku?" Ta ce: "Gida." Mutane suka yi dariya. Ni ban yi ba. Da wani ya kama hannunta ya ce ɗiyarsa ce, wa zai hana shi? Sai da la'asar uwarta ta same ta. Ashe wajen awon gero ta saki hannunta.

Yaron da ya iya magana, ya kamata ya san sunan ubansa na yanka, da sunan garinsu, da na maigari. Ku riƙa tambayarsa da dare bayan tuwo, kamar wasa, har ya zauna masa. In akwai salula a gidan, babban yaro ya haddace lambar.

Mu ba mu ƙin baƙo, kuma kada mu koya ma yara gudunsa. Yaro ya gaida baƙo, ya kawo masa ruwa, ya nuna masa hanya da hannu, ko ya kira masa babba. Amma kada ya bi shi. Kada ya hau babur, ko amalanke, ko motar kowa, sai gida sun sani.

Mai mugun nufi ba ya zuwa da mugunyar fuska. Da alawa yake zuwa, ko ƴan kuɗi, da magana mai daɗi. Yakan ce: "Babanka ne ya aiko ni." Sanin sunan uba ba shaida ba ne, ko a bakin rijiya ana jinsa. Yaro mai kiwo kuwa sai a ce masa: "Zo ka taya ni neman akuyata." Ku gaya masa ya ce: "Bari in kira babana." Mai gaskiya zai jira.

Zancen ƴan mata masu talla ya fi damuna. Yarinya ta yi cinikinta a fili. In an ce: "Shigo ɗaki ki karɓi kuɗinki," ta tsaya waje. Su riƙa tafiya biyu biyu, su koma gida kafin magariba. In wani ya riƙe ta, ta yar da faranti, ta yi ihu, ta gudu wajen mutane. Amma iyaye mata, sai kun faɗa mata da bakinku cewa ba za a doke ta ba saboda kayan talla. Yara da yawa sun fi tsoron dukan gida bisa ga tsoron baƙo. Kuma in yaro ya kawo ƙarar wani, ko da maƙwabci ne, ku saurare shi, kada ku ce ya yi shiru.

Akwai kuma baƙon da ke biyowa ta hannun iyaye. Yakan zo ya ce a ba shi yaro ya kai shi birni ko ƙasar waje, za a riƙa aiko da kuɗi. Sau da yawa bara ce ake kai yaron. Ku tuna da watan Oktoba na 2013: motoci suka lalace cikin hamada a arewa da Arlit, kan hanyar Aljeriya, mutum 92 suka mutu da ƙishirwa. 52 daga cikinsu yara ne, kuma da yawa daga ƙasar Kance suka fito. Tun 2010 Nijar ta yi dokar hana fataucin mutane. Duk wanda ya zo neman yara, ku kai shi wajen maigari, shi kuma ya sanar da jandarma.

Wanda ya iya karatu, ya karanta ma matan gida wannan, don su ne ke ɗora ma yara talla.