Arzikin da Mahautanmu Ke Zubarwa

Tun 1961 ake haƙar dutsen fosfat a Hahotoe, ana lodinsa a jiragen ruwa a Kpeme, manomin Togo kuwa yana sayen takin zamani daga ƙetare da tsada. Dutsen nan ba ya tohowa. Alhali sinadarin fosforas da ake nema cikinsa yana nan cikin ƙasusuwa da kashin dabbobi, waɗanda mahautanmu na zango ke zubarwa kullum.

Kakanninmu a Kano jakuna suke ɗora wa mangalar taki zuwa gonakin bayan gari, hatsi ya dawo birni. Mu kuwa ƙyama ta hana mu. Ya kamata sarakunan fawanmu su zauna da masu lambu: a tara ƙasusuwan, a ƙona, a daka, a gauraya da taki kafin damina.