Wayar salula a Tailan: an yarda ta yi ciniki, an hana ta magana

Ɗan kasuwar da ya san ƙasar Tailan ya san ta ne da buhun shinkafa da dilolin tufafin da ake sarowa a Bankok. Amma akwai wani labari na wannan ƙasa da ya cancanci mai karatu ya tsaya a kansa, wato yadda wayar salula da intanet suka shiga rayuwar al'ummarta, da irin rawar da mahukunta suka taka a ciki. A yau kusan mutum tara cikin goma na ƴan Tailan suna shiga intanet, akasarinsu ta wayar hannu, kuma ƙididdigar 2024 ta nuna suna ɓatar da kusan awa takwas kowace rana a kanta. Abin da ya fito fili cikin shekarun nan shi ne magabatan ƙasar suna son waya mai rabin harshe: ta biya kuɗi, ta karɓi kuɗi, amma kada ta tambayi mai mulki ina ya dosa.

A fagen kasuwa an yi abin yabo, kuma dole a faɗa. A 2017 babban bankin ƙasar tare da sauran bankuna suka buɗe tsarin PromptPay, wanda ke haɗa asusun mutum da lambar wayarsa ko lambar katinsa na ɗan ƙasa. Ƙananan kuɗi suna wucewa nan take, babu ladan aike. Mai sayar da abinci a bakin titi sai ta rataye ƴar takarda mai alamar QR, mai saye ya haska wayarsa, ciniki ya faɗa, babu rigimar canji, babu fargabar jabun kuɗi. Da annobar korona ta durƙusar da kasuwanni a 2020, gwamnati ta bi ta wannan hanya ta fito da shirin rabi da rabi: mutum ya sayi abinci a ƙaramin shago, baitulmali ya biya masa rabi, har zuwa bat 150 a rana. Tallafin ya isa hannun ƙananan ƴan kasuwa ba tare da ya bi ta ofisoshi goma ba. Aibinsa ɗaya, wanda ba shi da babbar waya, kamar tsoho a ƙauye, bai sami shiga wannan shiri ba. Duk da haka an ga abin da hukuma ke iya yi idan ta share hanya ta bar jama'a su bi.

A makaranta labarin ya sha bamban. Lokacin yaƙin neman zaɓen 2011, jam'iyyar Pheu Thai ta Yingluck Shinawatra ta yi alkawarin ba kowane yaro allon kwamfuta. Ta ci zaɓe, kuma a 2012 aka raba wa ƴan aji ɗaya na firamare fiye da allo dubu 800, waɗanda aka saya daga wani kamfanin ƙasar Sin a kan dala 80 da ɗoriya kowane. An ɗauki hotuna, an yi jawabai. Ba da jimawa ba koke-koke suka taso: alluna na lalacewa, gyara na jan lokaci, malamai da dama ba su sami horon da za su koyar da su ba. A shekara ta biyu wani daga cikin kamfanonin da aka ba kwangila ya janye. Da sojojin Janar Prayut Chan-o-cha suka kifar da gwamnati a watan Mayun 2014, cikin ƴan makonni suka soke shirin.

Sojojin ma ba su warkar da ciwon ba, don ciwon ba na rashin allo ba ne. Kusan rabin makarantun gwamnati a Tailan ƙanana ne masu ɗalibai ƙasa da 120, kuma a cikinsu akwai da dama da malamansu ba su kai yawan azuzuwansu ba. Hakan ya ƙara bayyana a 2020, da aka rufe makarantu aka koma darasi ta talabijin da intanet: ɗan birni ya ci gaba da karatu a ɗakinsa, ɗan manomi kuwa yana jiran wayar uwarsa ta dawo daga gona. A jarrabawar ƙasa da ƙasa ta PISA ta 2022, ƴan shekara 15 na Tailan sun sami maki 379 a fahimtar karatu da 394 a lissafi, mafi ƙanƙanta tun da ƙasar ta fara shiga jarrabawar. Yaro yana da waya a aljihu, yana wuni yana latsa ta, amma fahimtar shafi guda na rubutu na gagarar sa. Allo ko na katako ko na lantarki, sai da malami a kansa. Ɗan siyasa ya fi son rabon allo saboda ana ganinsa a hoto kafin zaɓe, horon malami kuwa sai bayan shekara goma ake cin moriyarsa.

Abin mamakin shi ne, ɗaliban da aka kasa koyar da su da na'ura sun koya wa kansu wani darasin da ita. A watan Fabrairun 2020 kotun tsarin mulki ta rusa jam'iyyar Future Forward, wadda matasa suka zuba wa ƙuri'u a zaɓen 2019. Zanga-zanga ta tashi daga jami'o'i, ta lafa saboda annoba, ta sake tashi a watan Yuli. Ta Twitter da Facebook ake kiran taro, daga baya aka koma Telegram: a sanar da wuri ana saura ƴan awoyi, dubbai su hallara, su watse kafin ƴan sanda su gama shiri. Ƴan sakandare ma suka kafa ƙungiyarsu suna ƙorafi kan dukan ɗalibai da askin dole. Buƙatun manyansu uku ne: firaminista ya sauka, a sake tsarin mulki, a yi wa sarauta gyara. Na ukun nan magana ce da a da ba a furta ta a bainar jama'a.

Amsar mahukunta ita ce kotu. Dokar laifukan kwamfuta ta 2007, wadda aka ƙara tsanantawa a ƙarƙashin sojoji, ta haɗu da sashe na 112 na dokar hukunta laifuka, mai tanadin ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga duk wanda ya taɓa mutuncin sarki, kuma kowane saƙo laifi guda ne. A watan Agustan 2020 aka tilasta wa Facebook rufe wani zaure mai mutum fiye da miliyan ɗaya ga mazauna ƙasar. A watan Janairun 2021 aka yanke wa wata tsohuwar ma'aikaciyar gwamnati ɗaurin shekara 87 saboda ta yaɗa wasu muryoyi a intanet, aka rage shi zuwa 43 da rabi don ta amsa laifi. Sai a 2025 ta fito bisa ahuwar sarki. A 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta kai hukuncin wani mai sayar da tufafi ta intanet, ɗan yankin Chiang Rai, zuwa shekara 50 saboda rubuce-rubucensa na Facebook. Daga ƙarshen 2020 zuwa 2024 an tuhumi fiye da mutum 270 da wannan sashe, har da yaran da ba su kai shekara 18 ba.

Masu kare gwamnati suna cewa intanet ba ta zama ba doka, kuma a nan suna da gaskiya. Ƴan damfara ta waya, waɗanda suka kafa sansanoni a tsallaken iyakar Myanmar da Kambodiya, sun kwashe ajiyar tsofaffi da jarin ƴan kasuwa ba adadi. Sai dai a dubi saurin hannu. Ɗalibi na rubuta layi biyu, sammaci na isowa gidansu. Garuruwan ƴan damfara na iyakar Myanmar kuwa sun yi shekaru suna shan lantarkin Tailan, ba a yanke musu wuta da intanet da mai gaba ɗaya ba sai a watan Fabrairun 2025, bayan sace wani ɗan wasan kwaikwayo na ƙasar Sin ya tsorata masu yawon buɗe ido. Dokar da ke gudu wurin mai suka, tana rarrafe wurin ɓarawo, ta nuna wanda aka yi ta don karewa.

Kuma magana zarar bunu ce. A zaɓen 2023 jam'iyyar Move Forward, magajiyar wadda aka rusa, ta yi yaƙin neman zaɓenta da yawa a TikTok, ta zo ta ɗaya da kujeru 151 cikin 500. Majalisar dattawan da sojoji suka naɗa ta hana shugabanta Pita Limjaroenrat zama firaminista, kotu kuma ta rusa jam'iyyar a watan Agustan 2024. An iya rusa jam'iyya, amma mutum miliyan 14 da suka zaɓe ta suna nan da wayoyinsu. Ƴan sakandare ma sun ga sakamako: a watan Maris na 2025 babbar kotun harkokin mulki ta soke dokar aski ta 1975.

Ya rage wa mahukuntan Tailan su gyara sashe na 112, su saki waɗanda aka ɗaure saboda magana, su maida kuɗin rabon na'ura zuwa ga horon malamai da ƙananan makarantun karkara. Wayar da ƴar kasuwa ke karɓar kuɗin abinci da ita da safe, ita ce ɗanta ke tambayar gwamnati da ita da dare, kuma babu injiniyan da zai iya raba su.