Neman Rangwame A Ginin Sababbin Makarantu

Akwai wata takarda wadda ta kan iso teburin akawu a maƙale da zanen ginin sabuwar makaranta. Ba ta da tsawo, sau da yawa ba ta cika shafi guda ba. Mai ita ya kan fara da gaisuwa da ban girma, sa'an nan ya ce yana roƙon hukuma ta yi masa rangwame game da waɗansu ƙa'idodin gini, don kuɗi sun gaza, ko fili ya yi kaɗan, ko lokaci ya ƙure. In ka karanta har ƙasa, sai ka tarar abin da a ke so a ɗauke masa bai wuce biyu ba: hanyar da gurgu zai bi ya shiga aji, da kuma bayan gida da ruwansa. Da wuya ka ga wanda ya roƙi a rage faɗin ofishin hedimasta, ko a fasa fentin bangon da ke duban titi. A kan wannan takarda mu ke so mu yi magana yau da ku ma'aikatan ofis da malaman makaranta, gama ta hannun waɗansunku ta ke bi, sauranku kuwa ku ne za ku zauna cikin abin da ta haifa.

Tun da fari, ba mu ce kowane rangwame ɓarna ne ba. Doka mutum ya rubuta ta yana zaune a ofis, ba shi kuwa da ikon hango kowane tudu da kowane kwari na ƙasa. Amma rangwame iri biyu ne. Akwai wanda ke sauya hanya, a isa inda doka ta nufa ta wata fuska. Akwai kuma wanda ke soke tafiyar ɗungum. A kan takarda kamarsu ɗaya, kalmominsu ɗaya, aikin mai sa hannu shi ne ya rarrabe su.

Ga abin da doka ta ce. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga nakasassu. Dokar ta ba da wa'adin shekara 5 don a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, wa'adin kuwa ya cika a Janairu na 2024. Lura, an yi wa'adin nan domin gine-ginen da su ke tsaye ne. Game da sabon gini, dokar ta ce lalle a duba zanensa kafin a fara aiki, kada kuma a amince da shi in babu tanadin shigar nakasassu. Ma'aikacin da ya amince da zanen da ya saɓa wa ƙa'ida, ko ya ba da umurnin a amince, hukuncinsa tara wadda ba ta gaza naira miliyan 1 ba, ko ɗaurin shekara 2, ko duka biyun. Ɗan kwangilar da ya kawo roƙo ba sunansa ne zai kasance a ƙasan takardar ba. Sunan wanda ya sa hannu ne.

To, mene ne wannan abu mai nauyi da a ke gudu? A kan ɗaga daɓen aji sama da ƙasa saboda ruwan damina, daidai ne kuwa. Sai a yi matakala biyu ko uku a bakin baranda. Ga mai ƙafa lafiya wannan ba kome ba ne, ga mai keken guragu kuwa katanga ce. Maganinta gangare ne na siminti, ƙa'idar da aka fi bi a duniya kuwa ita ce, kowane inci 1 na tsayi a ba shi inci 12 na tsawo. Daɓen da ya tashi ƙafa 2 ke nan yana bukatar gangare mai tsawon ƙafa 24, da ƙarfen dafawa a gefe. Ƙofa kuma kada faɗinta ya gaza inci 32 in an buɗe ta, a cikin ɗaki a bar sarari mai faɗin ƙafa 5 inda keke zai juya. Keken nan mai ƙafa uku da a ke tuƙawa da hannu, wanda ya fi yawa a garuruwanmu, ya fi na asibiti tsawo, saboda haka sakin hannu ya ke so, ba ƙwauro ba. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2011 game da nakasa ya nuna cewa, in tun a zane aka sa waɗannan abubuwa, ƙarin kuɗinsu wajen kashi 1 ne cikin 100 na kuɗin ginin. In kuwa aka bari sai an gama, sai a fasa bango, a cire ƙyaure, a sake daɓe, a biya aiki sau biyu.

Akwai wani rangwame kuma da ba a rubuta shi a takarda, birkila ne ke yanke shi da cokalinsa. Zane ya ce ƙafa 24, shi kuwa ya zuba ƙafa 6 don ya rage siminti, gangaren ya fito a miƙe kamar na sauke buhuna daga mota. Mai duba aiki ya zo ya ga gangare, ya rubuta an yi. Yaro ya gwada hawa, keke ya juyo da shi. Irin wannan gangare yara masu ƙafa ne kaɗai ke morarsa, suna zamiya a kai lokacin tara.

Ƙasar Amurka ta riga mu shiga wannan gardama, akwai kuwa abin koyo a yadda ta raba ta. Dokarta ta nakasassu ta 1990 ta yi sassauci ga tsohon gini, amma ga sabo ba ta karɓar uzurin tsada. Abin da ta yarda da shi kaɗai shi ne in yanayin filin kansa ya hana, kuma ta ce wannan ba safai ya ke faruwa ba. Ta kuma yarda a bi wata dabara dabam, muddin za ta ba nakasasshe sauƙi daidai da na ƙa'ida ko fiye. A jihar Massachusetts akwai hukuma ta musamman mai sauraron irin wannan roƙo, ba ta kuwa amincewa sai mai roƙo ya tabbatar aikin ba zai yiwu ba, ko kuɗinsa ya wuce hankali alhali ba wani amfani mai yawa da nakasassu za su samu. Wajibi ne kuma ya aika da kwafin roƙonsa ga ƙungiyoyin nakasassu na yankin, don su ma su ce tasu. Ba mu rasa makamancin wannan ba. Garuruwanmu da yawa suna da Sarkin Guragu da Sarkin Makafi tun kaka da kakanni, ga kuma ƙungiyoyin zamani. Me zai hana a kira su su ga zane kafin a sa hannu?

Wani zai ce, ai garinmu babu gurgun yaro ko ɗaya a makaranta. Mun ji. Amma a tambaya, babu shi a garin ne, ko kuwa babu shi a makarantar? Shan inna ta daɗe a ƙasar nan. Sai a 2016 aka ga na ƙarshe da asalin ƙwayar cutar ta kama, a Jihar Borno, sai kuma a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita. Waɗanda ta riga ta taɓa suna nan da ransu, waɗansu almajirai, waɗansu iyayen yara, waɗansu sun isa su zama malamai. Ga haɗarin mota da na babur da ba ya sallama kafin ya zo. Gini kuwa ba na shekara guda ba ne. Makarantun da aka gina a zamanin En'e, waɗansunsu har yau a cikinsu a ke karatu. Makaranta kuma ita ce rumfar zaɓe, ita ce wurin taron iyaye, tsoho mai sanda ma da ita zai yi hulɗa.

Mu koma ga bayan gida, gama a nan ne rangwame ya kan zama gaskiya. A ce zane ya zo daga birni da bayan gida irin na Turawa, mai tanki da a ke ja ruwa ya wanke, alhali ƙauyen da za a yi ginin ba famfo, ba rijiyar burtsatse mai injin. Ƙa'idodin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 domin makarantun wuraren da ba wadata sun ce kowane ɗan makarantar jeka-ka-dawo yana bukatar lita 5 ta ruwa a yini don sha da wanke hannu, da lita 1 zuwa 2 ta tsarki. Bayan gida mai tanki kuwa yana cin lita 10 zuwa 20 a kan kowane mutum. Makaranta mai yara 600 ke nan sai ta nemi ƙarin lita 6,000 aƙalla kowace rana saboda tankuna kawai. Wa zai ɗebo? Kafin zangon karatu ya ƙare sun toshe, hedimasta ya sa kwaɗo, yara sun koma bayan katanga. A irin wannan wuri, wanda ya roƙi a bar shi ya gina salga mai bututun iska maimakon mai tanki ya yi hankali, ya kamata kuma a amince masa. Irin salgar nan a Zimbabuwe aka ƙirƙiro ta, a ɗakin binciken Blair, cikin shekarun 1970. Bututun yana fid da wari sama, ragar da ke bakinsa kuma tana tsare ƙuda. Haka nan wanda ya roƙi a rage tsayin mazauni da na wurin wanke hannu saboda ƙananan yara. Waɗannan duka sauya hanya ne.

Abin da ba za mu goyi bayansa ba shi ne rage adadi. Ƙa'idodin nan na 2009 sun ce ɗaki 1 ga kowaɗanne 'yan mata 25, ɗaki 1 da wurin fitsari 1 ga kowaɗanne yara maza 50, malamai mata da maza kowa da nasa. In yaran nan 600 rabi mata ne rabi maza, lissafi ya kama ɗaki 12 na mata, 6 na maza, 2 na malamai, watau 20. Mai neman a bar shi ya yi 4 ba kuɗi ya rage ba, ya ɗora bashin ne a kan yarinyar da ta fara girma, wadda in ta rasa wurin da za ta keɓe cikin sutura sai ta zauna gida kwanakin al'adarta, daga nan kuma sai a neme ta a rasa. Haka kuma ba a sassauta nisan rami da rijiya. Mita 30 ne aƙalla, don ƙasa tana tsotsa, amai da gudawa kuwa ba su san an yi rangwame ba. A cikin ɗakunan nan lalle a keɓe ɗaya a ɓangaren mata, ɗaya a na maza, mai faɗin ƙofa, mai ƙarfen dafawa, mai mazauni a ɗage. Duk wanda ya taɓa ganin daɓen salgar makaranta da azahar, ya tuna akwai yaron da da tafin hannunsa ya ke tafiya, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani.

Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a Nuwamban 2019 na kawo ƙarshen yin bayan gida a fili, Jihar Jigawa kuma ta zama ta farko da aka shaida ta cim ma haka, a 2022. Abin kunya ne hukuma ta hana magidanci abu, sa'an nan ta gina makarantar da za ta tilasta wa ɗansa yin sa. Dattawa suna tuna yadda duba-gari ke shiga gida ya leƙa salga da randa, a ci tarar mai ƙazanta. Ginin hukuma bai fi ƙarfin wannan leƙe ba.

Saboda haka ga shawararmu ga wanda takardar nan ta iso teburinsa, ko a ƙaramar hukuma ya ke, ko a hukumar ilmin bai ɗaya ta jiha, ko a ofishin tsara gari. Kada a karɓi roƙon baka, ko daga bakin wa ya fito. Mai roƙo ya rubuta ƙa'idar da ya ke so a sassauta, da dalili, da abin da zai yi a madadinta, injiniya ya je filin da ƙafarsa ya gani. In babu madadi, babu rangwame. Maganar nan ta "za a yi daga baya in kuɗi sun samu" mun san inda ta kan kwana. In dole ne a jinkirta wani abu, a jinkirta fenti ko ƙawar ƙofar shiga, a rubuta rana, a riƙe wani kashi na kuɗin ɗan kwangila sai ya cika. In ginin bene ne, ba kuwa halin na'urar hawa, to ɗakin karatu da ɗakin gwaji da bayan gida su kasance a ƙasa, tare da aji ɗaya na kowane mataki, a sa wannan a rubuce cikin iznin. Mun sani ƙaramin akawu ba shi da ikon hana abin da manya suka nufa. Amma yana da ikon rubuta ra'ayinsa a fayil, da kwanan wata, fayil kuwa ya kan fi kujerar mai gida daɗewa.

Ku kuma malamai, kada ku jira ranar yanke kyalle. Ranar da aka ja igiya aka fara haƙa harsashi, a ranar gyara ya ke da araha. Hedimasta ya nemi ganin zane, ya ɗauki shugaban ƙungiyar iyaye da malamai da wakilin nakasassu, su je da tef ɗin awo. Su auna faɗin ƙofa, su auna tsayin daɓe su ninka shi sau 12, su ƙirga ramuka, su taka nisan rijiya. Abin da suka samu su rubuta wa sakataren ilmi, su ajiye kwafi a ofishin makaranta.